Dalma a Ƙarƙashin Dutsen Niƙa

Asabar, 2 ga Maris, bayan la'asar

Insaf ta faɗa. Na ce mata kada ta faɗa, ta faɗa. A gaban matan da suka zo awo asibitin ƙauye ta miƙe tsaye ta ce garin alkamar da ake niƙowa a injin Alhaji Himdan akwai dalma a ciki, duk mai ciki ta daina ci. Kafin ta iso gida maganar ta riga ta.

Shekara goma sha shida 'yata tana wannan aiki. Gida-gida take bi da jakar awon jini, tana duba idanun mata da ƙafafunsu, tana faɗa da masu wanke tulun feshin ƙwari a inda ake ɗiban ruwan sha. Ban ga abin da ya sake ba. Ni ma na yi karatu, na fito da digirin kimiyya daga jami'ar Asyut, na ƙarar da ƙuruciyata ina rubuta wa manya rahoto a kan ƙazantar da wani kamfani ke zubarwa a Nilu. Wata rana na sayi ƙosai a tashar jirgi, aka naɗe mini shi a irin takardar ofishinmu. Ban duba ko rubutuna ne ba. Na cinye ƙosaina.

Abin da ya dame ni, gaskiya take faɗa. Ran Alhamis ta aike ni in gaida Himdan, lokacin an ɗaga dutsen sama ana sassaƙa masa haƙora. Na leƙa. Ƙarfen da ke riƙe dutsen da narkakkiyar dalma aka kafa shi, yadda kakanni suke yi. Dā dalmar tana can cikin rami. Yanzu dutse ya cinye, ta fito fili, tana ƙyalli kamar tsohon kwabo da ya sha hannu. Da alkama ake niƙa ta.

Himdan mijin ƙanwata Bakita ne. 'Yarsu Sabra tana gidansu, mijinta yana aiki a Libiya, cikinta ya shiga wata na bakwai. Wannan ne na uku. Ba zan rubuta komai a kan biyun farko ba.

Lahadi, 3 ga Maris, da hantsi

Ya zo. Bai yi sallama sosai ba. Ya ajiye gurasa biyu masu zafi a kan tabarmata, ya zauna, ya gutsura ya kai baki.

"Bisimilla, Ustaz."

"Na karya, Alhaji."

"Shekara arba'in kana cin gurasar gidana ba ka taɓa cewa ka karya ba. Ko ran sunan 'yarka mai bakin reza, wa ya kawo garin?"

"Kai ne."

"To ci."

Ban ci ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da na yi. Gara in zage shi da uwa da uba da in ƙi gurasarsa. Ya dube ni, ya dubi Insaf da ke tsaye a bakin ƙofar ɗaki.

Ta ce, "Baffa, ba kai nake zargi ba. Dutsen ne ya tsufa. Duk matan da ke ciwon cikin nan, masu baƙin layi a dasashi, a wurinka suke niƙa. A ɗaga dutsen kawai a sake kafa shi da siminti."

"Ubana ya ci garin dutsen nan ya kai shekara casa'in yana hawan jaki. Ke da ko ƙwai ba ki taɓa sakawa ba za ki koya mini haihuwa?"

Sai ya rantse. Da sunan Allah, da ƙarfi, maƙwabta suna ji: ƙafarta ba za ta sake taka gidansa ba, kuma Sabra ba za ta ci gurasar kowa ba sai tasa. Ya tafi ya bar gurasar. Na rasa yadda zan yi da ita. Ba a zubar da gurasa. Ba zan ba kaji ba, ƙwansu muke ci. Tana kan taga.

Talata, 5 ga Maris, gab da magariba

Na bi ta gaban shagon shayi, aka amsa mini sallama da rabin baki. Ban yi asarar komai ba. Hirarsu ba ta wuce farashin rake da ƙwallo.

Juma'a, 8 ga Maris, bayan sallar Juma'a

Insaf ta sa ni a gaba kamar ɗan makaranta. Ta ce an hana ta shiga, amma ba wanda zai hana yaya ziyarar ƙanwarsa.

"Kai za ka zama ni, Baba."

"Ni? Da gemuna?"

"Gemun ba zai hana ka gani ba. Ka ja fatar idonta ƙasa, in ta yi fari ka gaya mini. Ka danna mata ƙafa da yatsa, ka ga ko wurin ya lotsa. Ka dubi dasashinta. Sannan ka tambaye ta ko yana motsi."

"Wa?"

"Baba."

Na ce mata a duk tarihin gidanmu babu namijin da ya taɓa tambayar 'yar ƙanwarsa wannan magana. Ta ce a duk tarihin gidanmu babu namijin da ya taɓa yin wani abu mai amfani kafin azahar, yau za a fara. Bakin uwarta ne sak, Allah ya jiƙanta.

Sai ta ɗauko rigar matashin kai, ta cika ta da garin da ta niƙo a injin ƙarfe na tsallaken gada, ta ɗaura mini a ciki da ɗankwali, na saki jallabiya a kai. Ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi a aljihu. Na dubi kaina a madubi. Mai digiri.

Asabar, 9 ga Maris, bayan azahar

Bakita ta ja ni ɗakin tanderu ta kwance mini kayan tana dariya tana share hawaye.

"Yaya, kai ma wata nawa?"

Ta ce ita tuni zuciyarta ta ba ta, don ita ma cikinta yana murɗa mata tun bara, ta yi ta shan tafasasshen na'ana'a. Za ta riƙa kwaɓa na Sabra daban a ƙaramin akushi. Kowace gurasa a gidan Himdan kunne uku ake tsaga mata da allura kafin a shanya ta a rana ta tashi. Ta Sabra za ta sami huɗu. Ta ce namiji bai taɓa ƙirga kunnen gurasa ba.

Sabra tana zaune a inuwa tana gyaran lalo. Na yi abin da aka aike ni. Idon ya yi fari. Ƙafa ba ta lotsa ba. Dasashi, akwai layin, siriri. Da na zo tambaya ta ƙarshe sai na dubi bango na ce, "Baƙon naki yana lafiya?"

Ta rufe fuska da mayafi. "Kawu, ka gaya wa waccan gwauruwar yana harbina kamar jakin Baba. Kuma ka ce mata ƙwayoyinta warin tsatsa suke."

Na kai saƙon kalma da kalma. Insaf ta ce, "Ka ce wa mai tumbin ta sha su ko da warin mushe suke."

Yana motsi. Alhamdu lillahi.

Litinin, 11 ga Maris, da safe

Yana motsi.

Alhamis, 14 ga Maris, bayan la'asar

An dakatar da Insaf daga aiki. Wai ta tayar da hankalin jama'a ba da izinin likita ba. Ɗan wan Himdan yana da kujera a majalisar gunduma, ba sai an yi duba ba. Ta dawo ta ninke farar rigarta ta sa a akwati, ta ci abinci, ta ɗauki jakarta.

"Ina kuma?"

"Matar Girgis Kirista watanta ya tsaya, ban auna ta ba wannan makon."

"An kore ki."

"Rigar suka karɓe, Baba. Jakar da kuɗina na saya."

Na buɗe baki in gaya mata abin da na sani game da ƙasar nan, yadda take cinye masu irin halinta ta tofar da ƙashi. Na san jawabin da ka, na sha yi mata shi. Kafin in haɗa kalmar farko ta kai bakin titi.

Asabar, 16 ga Maris, da hantsi

Na ci karo da Himdan a ƙofar gidansa, ni da kayana.

"Ustaz, ikon Allah. Tun da ka daina cin gurasata ka yi tumbi."

"Kwanciyar hankali ce, Alhaji."

"Allah ya ƙara. Ka shiga, ƙanwarka tana ciki."

Bai matsa mini hanya sosai ba. Na wuce a karkace, ina jin gumi yana bin bayana. Ni, mutumin da bai ji tsoron shugaban kamfani ba.

Yana motsi. Ido ya ɗan yi ja-ja, in ba idona ne ke so ya ga haka ba.

Laraba, 20 ga Maris, gab da magariba

Insaf ta dawo daga unguwar gabas rigarta jiƙe har ƙugu, mayafi duk laka, takalmi ɗaya. Ta ce santsi ne. Wata uku ba a yi ruwa ba.

Ban tambaya ba. Ba zan rubuta abin da yaran maƙwabta suka ce sun gani ba, ko sunan wanda suka ce.

Na dafa mata shayi. Rabona da dafa wa wani shayi tun uwarta tana kwance. Ta kurɓa ta ce sukari ya yi yawa, ta shanye.

Alhamis, 21 ga Maris, da safe

Ta fita. Da takalman uwarta.

Lahadi, 24 ga Maris, bayan azahar

Sakamakon gwajin garin da Insaf ta kai Asyut ya fito. Ni na karanta mata lambobin, aikin da na iya ke nan a duniya. Ko bango aka shafa wa wannan garin sai a hana yara jingina. Ta kai ofishin lardi a Ƙena, aka ba ta kujera, aka ba ta shayi, aka ce za a kafa kwamiti.

Na yi dariya har na ƙware. Na ce mata kwamitin da aka kafa a kan rahotona har yanzu bai zauna ba, rabin mutanensa suna kabari.

Ta ce, "Na sani. Ba don su na kai ba, don kada gobe su ce ba a gaya musu ba. Baba, kai manya ka rubuta wa. Ni masu kwaɓa garin nake gaya wa."

Ban ji daɗin maganar ba. Har yanzu ina juya ta.

Talata, 26 ga Maris, da hantsi

Na zauna a bakin gada ina hutar da gwiwa. Matar Girgis, wadda ta sauka lafiya shekaranjiya, ta aiko surukarta da buhun alkama a kan jaki, ta tsallaka zuwa injin ƙarfe. Bayanta wasu biyu daga unguwar gabas, daga unguwar da aka yi santsin. Sun ja mayafi sun rufe fuska da suka gan ni, kamar masu zuwa wurin boka. Ɗaya ta rage tafiya ta ce, ba ta dube ni ba, "Ka gaida Malama Insaf. Ka ce ciwon cikin ya yi sauƙi."

Mazansu suna shagon shayi suna cewa yarinyar Ustaz Khalaf ta haukace don rashin miji. Da daddare su koma gida su ci gurasar injin ƙarfe suna yaba hannun matansu.

Na kawo mata gaisuwar. Ta ce, "Wacce? Doguwa mai wushirya?" Ta san su duka. Ta san wadda mijinta ke duka, wadda ke ɓoye ƙwaya a cikin tulun shinkafa, wadda ta binne nawa. Ni shekara saba'in ina ƙauyen nan ban san sunan matar maƙwabcina ba.

Na gode wa Allah da bai sa ta gado ni ba.

Juma'a, 29 ga Maris, bayan la'asar

Bakita ta kawo mana shayi ni da Himdan a zaure, don ba yadda za mu yi da juna. Ya ɗauki kofi da dama, hannun ya lanƙwashe daga wuyansa kamar ganyen da ya sha rana. Kofin ya faɗi. Ya ce zafi ne. Ya ɗauki nawa da hagu.

Na san sunan wannan a littafi, aikin dalma ne. Shi ya fi kowa shaƙar ƙurar, tun yana yaro. Na so in faɗa, sai na ga yadda ya tura hannun cikin hannun riga, na fasa. Injin ya yi rabin yini ba aiki, ya ce man inji ne ya yi tsada. Wannan dutsen shi ne sunansa a ƙauye. Ubansa ya jawo shi da shanu daga tashar jirgin ruwa. In ya yarda da maganar Insaf, ya yarda ke nan da abin da ya sami jikokinsa biyu, kuma da hannunsa ya auna wa uwarsu garin. Ni ma da ni ne ban san ko zan yarda ba.

Yana motsi, amma Sabra ta ce ya rage wasa. Da na gaya wa Insaf, ta ce dalmar da aka ci shekara da shekaru tana kwance a ƙashi, ciki ne ke tayar da ita. Garin da nake kaiwa yana hana ƙari ne kawai. Ban san haka ba. Na ɗauka tumbina yana maganin komai.

Litinin, 1 ga Afrilu, da safe

Sabra ta ce motsin tun jiya da la'asar sau biyu kawai.

Litinin, bayan azahar

Na koma. Ta sha ruwan rake mai sanyi ta kwanta ta gefen hagu yadda Insaf ta ce. Sau ɗaya. Wataƙila.

Talata, 2 ga Afrilu, bayan la'asar, Ƙena

Ina rubutu a kan benci, a kan gwiwata.

Da gari ya waye na je, Sabra ba ta yi mini wasa ba. Ta ce, "Kawu, shiru." Bakita tana tsaye da akushi a hannu ta manta abin da za ta yi da shi. Ban san ina da sauran gudu a jikina ba.

Insaf ta ɗauki jaka muka dawo tare. Himdan yana zaune a kan dakalin ƙofarsa, mutane sun fara tsayawa nesa-nesa, don ƙauyen nan ba ya rasa ɗan kallo. Ta tsaya a gabansa, ƙafarta ba ta taɓa dokin ƙofa ba.

"Baffa, ina kwana."

Ya kau da kai.

"Baffa, ka zage ni gobe, ka sa a sake tura ni a ruwa, ban damu ba. Yau ina so in sa kunne a cikin Sabra. In zuciyar tana bugawa, akwai abin yi, amma ba zai kai yamma ba."

Ya dubi ƙasa. Ya dubi masu kallo. Daga ciki muna jin Bakita tana kiran sunan Allah a hankali. Na yi niyyar in ya ce a'a in kama wuyan rigarsa, ni da ko tulu ba na iya ɗagawa.

Sai ya miƙe, ya gyara rawani da hagu, ya ce da ƙarfi, ba da kowa ba, "Zan je masallaci." Hantsi ne, ba lokacin wata salla ba. Ya yi taku biyu ya ƙara, "Zan daɗe." Ya bar ƙofar a buɗe.

Ta shiga. Ta ɗora ƙahonta na katako na sauraron bugun zuciya a kan cikin, ta rufe ido. Na tsaya a tsakar gida ina kallon kaji. Ban taɓa kallon kaji haka ba.

"Tana bugawa. A hankali. Baba, mota."

Motar ɗaukar rake muka samu. Muna isa asibitin Ƙena aka shiga da Sabra ɗakin tiyata. Insaf ta bi su ciki ba riga ba izini, wata tsohuwar ungozoma da ta san ta ta buɗe mata.

Laraba, 3 ga Afrilu, da asuba

Mace. An yi aiki an ciro ta. Ba ta kai 'yar kyanwa ba. Ta yi kuka, in ji Insaf, ƙarami, amma kuka. An sa ta a kwalba. Sabra tana barci.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Na daɗe ina faɗin kalmar nan kamar mai biyan haraji. Yau ban san yadda zan daina ba.

Alhamis, 4 ga Afrilu, bayan azahar

Himdan ya zo a jirgin safe, ya zauna a ƙarshen bencina. Bakita ta miƙo masa ruwa ya girgiza kai. Ta raɗa mini azumi yake tun jiya, kuma ya ce gobe ma kada a sa da shi. Uku ke nan. Ba wanda ya ce kaffarar rantsuwa ce, ba wanda zai ce.

Can ya ce, yana kallon bango, "Tumbinka ya sace, Ustaz."

"Damuwa ce, Alhaji."

"Garin injin ƙarfe ba shi da ɗanɗano. Kamar alli. Ban san yadda yarinyar nan ta iya cinsa kusan wata guda ba."

Na juyo na dube shi. Bai juyo ba.

"Kunne huɗu," ya ce. "Sai ka ce gidan Girgis, masu yi wa gurasa gicciye."

Da za a bar mutum ɗaya ya leƙa ta gilashi, na ce ya je. Ya dawo yana goge fuska da jelar rawani, ya ce wurin warin magani ya yi yawa.

Lahadi, 7 ga Afrilu, da hantsi

Ta kama nono.

Laraba, 10 ga Afrilu, bayan la'asar

Na tambayi Insaf ko shi ke nan an tsira. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, abin da ke sa zama da ita wuya ke nan. Ta ce rai an samu. Sauran sai a hankali: ko tana ji, ko za ta zauna a kan lokaci, ko za ta yi magana, ko karatu zai zauna mata. Wani abin sai shekaru. Ta ce za ta riƙa auna ta duk wata.

"Da wace rigar?"

"Da ta jikina."

Ba a maido ta aiki ba. Kwamiti bai zauna ba. Ta ce akwai injin dutse biyu a ƙauyukan kudu, tana so in raka ta in leƙa ƙarƙashinsu, don masu injin ba za su ɗaga wa mace dutse ba, amma za su ɗaga wa tsoho mai tabarau. Na ce gwiwata. Ta ce akwai jaki.

Alhamis, 18 ga Afrilu, gab da magariba

Yau aka yi wa jaririya bikin kwana bakwai, ko da yake bakwai ɗin ya daɗe da wucewa. Sun dawo gida shekaranjiya. Bakita da kanta ta zo ta ce Alhaji ya ce a zo. Ba ta ce har da wa ba, Insaf ta yafa mayafi ta biyo ni.

Tsakar gida cike da mata, yara da kyandir a hannu, ana watsa gishiri. Ni da Himdan muna bakin zaure muna leƙe. Insaf ta tsaya can jikin bango, ba wadda ta kore ta, ba wadda ta ba ta wurin zama. Sabra ta hango ta ta ce, "Ke gwauruwa, ba za ki zo ki ga abin da kika ja mini ba?" Aka yi dariya, wasu ba su yi ba.

Sai yayar Himdan, tsohuwa Hanim, ta fito da rariyar da za a kwantar da jaririya a girgiza ta. Babbar rariyar gidan injin ce. A cikinta aka girgiza Himdan, aka girgiza Sabra. Gari ya kama bakinta ya yi fari-fari, ya shiga kowace ƙofa. Hanim ta shimfiɗa ɗan ƙyalle a ciki ta miƙa hannu a ba ta yarinya.

Na ga Insaf ta ɗago daga jikin bango, ta buɗe baki, ta rufe. Gidan mutane ne, kuma ranar farin ciki. Karo na farko a rayuwata na ga ta haɗiye magana, ban ji daɗin ganinsa ba ko kaɗan.

Himdan ya ratsa matan. Namiji ba ya shiga nan, suka dare masa. Ya karɓi rariyar da hagu daga hannun yayarsa, ya juya, ya miƙa ta wajen Insaf, a gaban kowa.

"Malama, duba mini. Wannan fa?"

"A'a, Baffa."

Hanim ta ce, "Himdan, rariyar ubanmu!"

"Na sani, Yaya. Ubanmu ya yi nasa." Ya ɗaga murya, "Wa ke da sabuwa, wadda ba ta taɓa garina ba?"

Ba wadda ta motsa. Kowace ta amsa ta tona kanta. Sai doguwar nan mai wushirya ta unguwar gabas ta ce, "Ina da ita, Alhaji." Wata ta ce tata ta fi kusa. Wata ta ce tata ta fi faɗi. Himdan ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Allah ya isa tsakanina da ku," amma dariya tana neman ƙwace masa, aka fashe da dariya har da Hanim.

Aka kawo. Aka kwantar da ita, sunanta Nagat, ba ta cika rabin rariyar ba. Sabra ta tsallake ta sau bakwai. Bakita ta jawo turmin tagulla kusa da kanta ta ɗaga taɓarya. Insaf ta matso ta durƙusa, ba ta kallon kowa sai fuskar yarinyar.

Bakita ta doka. Ƙarar ta cika gidan.

Yarinyar ta zabura, hannaye biyu suka watsu, ta yamutsa fuska, ta tsala ihun da ban san inda ta ajiye shi ba.

Hanim tana ta faɗin nata, ki ji maganar uwarki, kada ki ji ta ubanki, mata suna guɗa. Insaf ta zauna daɓas a ƙasa, a cikin gishiri da ɓawon gyaɗa, ta waiwayo tana nemana a bakin zaure.

"Baba," ta ce, "tana ji."